Shekarun da na bari a bakin get ɗin masaƙa

Duk wanda ya tashi a unguwar Kakuri ta Kaduna a shekarun 1980 bai san amfanin agogo ba. Jiniyar masaƙa ce ke raba mana yini. Shida na safe ta yi kuka, biyun rana ta sake, goman dare ta rufe. Da ta yi ta biyu sai mu yara mu ruga bakin titi, don a lokacin ne 'yan aikin safe ke fitowa na rana ke shiga, kekuna su cika hanya har mota ta rasa inda za ta bi. Masu abinci, masu rake, masu facin keke, masu ba da kaya bashi sai ƙarshen wata, kowa da inda yake kafa nasa. A cikin wannan taron nake hango Baba, auduga ta yi masa furfura a ka da gira tun kafin furfurar gaskiya ta zo.

An haife ni a 1979, a wani gidan haya mai ɗakuna 12. Maƙwabtanmu akwai Tibi, akwai mutanen kudancin Kaduna, akwai Nufawa da Yarbawa, kuma kusan kowane magidanci a gidan masaƙa yake aiki. Baba daga wani ƙauye kusa da Malumfashi ya zo, inda iyayensa ke noman auduga. Yakan ce audugar da suka noma ce ya biyo har birni. Tun zamanin Sardauna, a 1957, aka buɗe masaƙar farko a Kaduna, sauran suka biyo baya, har ya zama in an ce Kakuri to saƙa ake nufi.

Baba da shara ya fara a sashen kaɗi. Daga nan aka ba shi inji, daga inji ya zama helma. Duk shekara akwai ɗan ƙari a albashi, akwai kuɗin hutu, akwai asibitin ma'aikata da ake kai mu in zazzaɓi ya kama mu, ƙarshen shekara kuma ya shigo gida da yadi a ƙarƙashin hammata. Ba mai kuɗi ba ne, ko kusa. Amma aikinsa kamar adashi yake: yana zubi da shekarunsa, ya kuma san ranar kwasa na nan tafe. Ƙungiyar ma'aikatan masaƙu a lokacin tana cikin masu ƙarfi a ƙasar nan, Adams Oshiomhole ne babban sakatarenta kafin ya zama shugaban ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa a 1999. In ƙungiya ta yi magana, manaja sai ya saurara.

Ina ɗan shekara 7 na fara jin kalmar SAP. A 1986 ne gwamnatin Babangida ta kawo wannan shirin na gyaran tattalin arziki, aka karya darajar naira. Naira da take kafaɗa da kafaɗa da dala, cikin ɗan lokaci sai an ba da kusan huɗu kafin a samu dala ɗaya. Ni ban fahimci wannan lissafin ba a lokacin. Abin da na fahimta shi ne madara ta ɓace daga shayinmu, nama ya koma na ranar Juma'a, Inna ta fara soya ƙosai a ƙofar gida. A shekarar ce kuma aka rushe hukumomin sayen amfanin gona, har da ta auduga. Da muka je ƙauye hutu na ji kakana yana cewa a da akan kawo musu iri, a auna auduga a ware mai kyau da mara kyau, a biya farashin da aka sani. Yanzu kowa tasa ta fisshe shi. Shekaru kaɗan bayan nan yawancin gonakinsa masara da dawa ne a ciki.

Duk da haka masaƙa na aiki, jiniya na kuka. Shi ya sa da na gama sakandare a 1997 na ce wa Baba ina son in je kwalejin kimiyya da fasaha in karanta aikin injiniya, sai ya yi shiru ya daɗe, sannan ya ce, "Ka ga ƙannenka biyar. Ka shiga masaƙa tukuna, in ƙafarka ta tsaya ka riƙa karatun yamma." Ban yi masa musu ba, kuma har yau ban ga laifinsa ba. Hanyar da ya bi ta fisshe shi ce ya nuna mini. Ba shi da yadda zai san cewa a wannan shekarar aka ɗage haramcin shigo da yadi daga waje, bayan Najeriya ta shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a 1995, balle ya san abin da hakan zai haifar a layinmu.

Na shiga a 1998. Sai dai ƙofar da na bi ba irin wadda Baba ya bi ba ce. Mu a matsayin 'yan wucin gadi aka ɗauke mu. Ka yi wata uku, a ce ka huta mako biyu, ka dawo a sake rubuta sunanka kamar yau ka fara. Babu asibiti, babu kuɗin hutu, babu katin ƙungiya. Aiki ɗaya muke yi da wanda ke kusa da mu, ƙura ɗaya muke shaƙa, amma shi kwanakinsa ana tara masa, namu ana sharewa duk bayan wata uku. Shekara biyu na yi a haka kafin a tabbatar da ni.

A sashen saƙa aka sa ni. Wanda bai taɓa shiga ba ba zai gane ƙarar wurin ba. Injuna ɗaruruwa a jere, ƙoshiya na kai da komo, ƙasa na rawa a ƙarƙashin ƙafarka. Ba a jin magana, da leɓe da hannu muke hira. Akwai wani dattijo makanike, mutumin Binuwai, da ya ga ina yawan tsayawa a kansa in yana gyara. Wata rana ya miƙo mini sifana ya nuna mini inda zan kama. Daga ranar na zama yaronsa ba tare da kowa ya rubuta a takarda ba. Shi ya koya mini in saurari inji. Yakan dafa jikin injin ya rufe ido, ya gaya mini abin da zai lalace kafin ya lalace. Baba nake kiransa, shi kuma ya ce mini "ɗana". Lokacin rikicin Fabrairun 2000, da garin Kaduna ya rabu gida biyu, muka kwashe kayanmu muka tsallaka kogi zuwa Tudun Wada, shi ne ya riƙe mini akwatin kayan aikina har ƙura ta lafa. A cikin masaƙa mun ci gaba da cin abinci a kwano ɗaya, ko da yake da an tashi kowa gefensa na gari yake nufa.

Na yi aure a 2001, a shekara ta gaba aka haifa mana ɗa namiji. Albashina bai kai naira dubu goma ba, amma a lokacin mafi ƙarancin albashi naira 5,500 ne, don haka ina ganin kaina cikin waɗanda Allah ya rufa wa asiri. Maganar karatun yamma na ce sai baɗi.

Alamu sun daɗe suna zuwa, mu ne ba mu so mu gani. Wuta ta ƙi tsayawa, sai janareta, ga tsadar man dizal. Baƙin man da ake hura tukunyar tururi da shi ya yi wuyar samu, wani lokaci sashen rini ya yi kwanaki a tsaye. Kayan gyaran inji da sinadaran rini duk da dala ake sayo su, sai muka koma cire ƙarfe daga mataccen inji muna sa wa mai rai. Aiki ya sauka daga zubi uku a yini zuwa biyu, daga biyu zuwa ɗaya. Sito kuwa ya cika da dilolin yadi ba mai saye.

Ranar da na gane da gaske ita ce ranar da na raka matata kasuwa sayen kayan Sallah. Mai shago ya sauko da turmin atamfa guda biyu, zane iri ɗaya, launi iri ɗaya, har tambarin da ke bakin zanen iri ɗaya. Ɗaya tamu ce. Ɗayar daga Sin aka yi ta, ta sauka a Kwatano, ta ratsa Nijar, ta shigo ta iyakar Katsina a hannun 'yan fasa-ƙwauri, kuma duk da wannan doguwar tafiyar kuɗinta bai fi rabin na tamu da ɗan wani abu ba. Na murza su da yatsa, na san wadda za ta koɗe a wanki na uku. Matata ta kalle ni, na kalli kuɗin da ke hannuna. Ta wajen muka saya. Ni da nake saƙa tamu da hannuna ban iya sayenta ba. Gwamnatin Obasanjo ta sake haramta shigo da yadi a wancan lokacin, amma haramcin a takarda ya tsaya, kasuwa ba ta ji shi ba.

Tsakanin 2002 da 2007 manyan masaƙun Kakuri suka yi ta rufewa ɗaya bayan ɗaya. Tamu ta rufe ban cika shekara 25 ba. Wata safiya muka iske get a kulle, an manna takarda cewa an dakatar da aiki na ɗan lokaci, za a kira mu.

Wannan "ɗan lokaci" shi ne ya cuce ni fiye da rufewar kanta, kuma saboda shi nake rubuta wannan labarin. Da an ce mana an rufe har abada, da na yi kuka na share hawaye na kama wata hanya ina da ƙuruciyata. Amma aka ce za a kira mu. Sai muka zauna. Kullum da safe in sa riga in hau mota zuwa Kakuri, in iske 'yan'uwana a ƙarƙashin bishiyar da ke bakin get. Yau a ce wasu Indiyawa za su saya, gobe a ce gwamnonin Arewa sun yi taro, jibi a ce an ga motar manaja ta shiga. Kowane labari sai ya ƙara mana wata uku na zama. Wani abokina ya ce in zo mu koyi gyaran waya, a lokacin wayar salula ba ta daɗe da shigowa ba, na ce masa ni ma'aikaci ne, in aka buɗe ba na nan wani zai hau injina. Yau yana da shaguna biyu. Sama da shekara biyu na yi ina jiran gawon shanu, kuma su ne shekarun da jikina ya fi ƙarfi, kaina ya fi ɗaukar sabon abu.

A gida kuwa abin ba ya faɗuwa. Matata ta sayar da gadonta na aure, sannan kwanukan jerenta, ɗaya bayan ɗaya, ba ta taɓa gaya mini ba sai dai in ga gurbin. Wata rana yaron ya yi zazzaɓi cikin dare, na laluba aljihu babu ko naira hamsin. Na fita waje na tsaya jikin bango na yi kukan da ban yi ba tun ina yaro. Shi kuwa Baba, wanda ya yi kusan shekara 30 yana zubi, ranar kwasarsa ba ta zo ba. Ya haɗa takardunsa na giratuti a cikin wata jakar leda, ya je tantancewa ya fi sau biyar. Hawan jini ya kama shi, ga tarin da ƙurar auduga ta bar masa. Ya rasu a 2005 bai karɓi ko kwabo ba. Allah ya jiƙansa. Dattawa da yawa na layinmu haka suka tafi, har jana'iza ta zama wurin da tsofaffin ma'aikata ke haɗuwa.

Bayan sadakar arba'in na daina zuwa bakin get. Na karɓi babur a hannun wani a kan in riƙa kawo masa balas, na tafi Abuja acaɓa. Mu shida muke kwana a ɗaki ɗaya a Mararraba. Kuɗi na shigowa fiye da albashin masaƙa, gaskiya, sai dai babu ranar hutu, babu ranar ciwo, in ka faɗi da babur kai za ka yi jinyar kanka ka kuma gyara babur ɗin mutane. Ban cika shekara ba, a watan Oktoban 2006, aka hana acaɓa a cikin birnin Abuja. Na mayar wa mai babur kayansa na dawo da jakata.

Daga nan sai Kano. Wani ɗan'uwan Inna ya haɗa ni da wani Alhaji a Kantin Kwari. Shekara uku ina sauke diloli, ina jera atamfa da shadda da leshi, irin kayan nan dai da suka rufe mana masaƙa. Da farko abin na ci mini rai, daga baya na ga cewa su ma 'yan kasuwar abincinsu suke nema, mai saye kuma abin da aljihunsa zai iya yake ɗauka, kamar yadda na yi ranar da na raka matata. Alhaji ya gane hannuna ya san yadi. In an kawo sabon samfuri sai ya ce, "Kai ɗan masaƙa, zo ka taɓa mana wannan." In murza in gaya masa yawan zarensa da ko zai zuba. Ya amfana da sanina, ya kuma kyautata mini daidai gwargwado, amma a lissafin kasuwa ni yaron shago ne, daidai da ɗan shekara 16 da ya zo jiya. Ina da shekara 30, da 'ya'ya uku a Kaduna, ana aike na sayo ruwan sanyi.

A wajen 2010 aka sanar da asusun naira biliyan 100 na farfaɗo da auduga da masaƙu ta hannun Bankin Masana'antu, ɗaya daga cikin manyan masaƙun Kaduna ma ta sake buɗewa a ƙarshen shekarar. Tsohon ciwon ya tashi. Na yi wa Alhaji sallama na dawo da gudu, na bi layi da takarduna. Mutum kaɗan aka ɗauka, ba na ciki. Na sake rasa wurin da na fara kafa ƙafa saboda jiniyar da ke kaina.

Na nemi aiki a wurare da dama. Inda ake son matasa sai a ce kada shekaru su wuce 27 ko 28, na wuce. Inda ake son ƙwararru sai a tambayi takardar shaida, ni kuwa abin da na sani a hannuna yake da kunnena, babu wanda ya taɓa rubuta mini shi. Daga ƙarshe na samu gadi ta hannun wani kamfanin kwangila. A 2011 doka ta ce mafi ƙarancin albashi naira 18,000, mu 12,000 ake ba mu, awa 12 a tsaye, kuma ba ka san wa za ka kai wa kuka ba, tunda wurin da kake gadi sun ce ba su suka ɗauke ka ba. A nan na zauna na lissafa: shekara 13 da fara aikina, sana'a huɗu, kuma kowacce daga ƙasa na fara. Ba a taɓa ɗora shekarar wani aiki a kan ta wani ba.

Mafita ta zo ta inda ban zata ba. Akwai tela a layinmu da keken ɗinkinsa ke tsinka zare, ya kira mai gyara sau biyu abin bai yi ba. Ina zaune a shagonsa ina jin ƙarar keken, sai kunnena ya gaya mini inda matsalar take. Na ce ya ba ni sukuddireba. Cikin minti ashirin keken ya daidaita. Ya ba ni naira 300, ya gaya wa wani, wanin ya gaya wa wani. Ashe abin da dattijon nan ya zuba mini bai mutu tare da masaƙa ba. Ni ne na ɗauka cewa sanina na injin saƙa ne kaɗai, alhali sanin zare da ƙarfe da lokaci ne. Na yi wata shida ina gadi da dare ina gyara da rana, sannan na je wurin wani mai gyaran injin surfani, wanda na girme shi da shekara takwas, na ce ya koya mini. Na share masa shago, na kira shi oga, ban ji kunya ba. Da na yi haka ina ɗan shekara 25 da na yi shi cikin sauƙi. Duk matashin da wurin aikinsa ya fara jinkirta albashi, ko aka fara ce masa ya je hutun dole, ina roƙonsa ya dubi abin da hannunsa ya iya, ya tambayi kansa wa kuma ke buƙatar wannan a wajen get, tun kafin a manna takarda.

Yau ina da ɗan shagona, da yara uku masu koyo. Na sa wa kaina doka cewa duk wanda ya gama sai na kai shi ya yi jarrabawar gwajin sana'a ta ma'aikatar ƙwadago ya karɓi takarda, saboda abin da rashinta ya yi mini. Ba zan ce na huta ba. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500, dala kuma ta wuce naira 1,500 a farkon 2024, kayan gyara sun koma kamar zinariya, teloli da yawa sun rage aiki. Na tsinci kaina ina cire ƙarfe daga mataccen keke ina sa wa mai rai, kamar yadda muka yi a masaƙa, kuma hakan na tsorata ni.

Babban ɗana ya gama difloma. Ya yi zaman shagon POS, ya yi kai kaya a babur, yanzu yana wani kamfani ta hannun 'yan kwangila, wata shida-shida ake sabunta musu. An ce mafi ƙarancin albashi ya zama naira 70,000 tun 2024, nasa bai kai ba, kuma kusan rabi a mota yake tafiya. Kwanan baya ya zauna kusa da ni bayan sallar isha'i ya ce, "Baba, an ce in mun yi haƙuri za a tabbatar da mu baɗi." Na ji gabana ya faɗi. Na ce masa ya ci gaba da zuwa aikinsa, amma duk Asabar da Lahadi ina son ganinsa a shago. Ya fara zuwa. Hannunsa bai faɗa ba tukuna, amma kunnensa na da kyau.

Jakar ledar Baba tana wurina. Takardun sun yi ja, na sa an yi musu hoto na adana a waya. Duk lokacin da aka ce za a yi taron tsofaffin ma'aikata ko na iyalan waɗanda suka rasu, nakan rufe shago in je, in rubuta sunansa a wata sabuwar takarda. In na dawo nakan biya ta wurin Inna. Ta tsufa, idonta ya yi rauni, amma da ta ji sallamata ta san daga inda nake. Takan bari in zauna in sha ruwa, sannan ta ce, "An ce wani abu kan haƙƙin Malam?" In ce mata, "Tukuna dai, Inna."